Hannuna Ne Ya Shafa Wa Garinmu Ja

Na ga saƙonninku, kuma na gode. Masu cewa in share hawayena in karɓi mutumin da ke sona, na ji. Wadda ta rubuto cewa ƙoshi ne ke damuna, ita ma na ji ta, Allah ya bar zumunci. Amma kafin ku yanke min hukunci, ku bari in gaya muku abin da ya faru a makon rufe shekara, don ni kaina har yanzu ban san sunan da zan kira abin da na aikata ba.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni: ina aiki a wani ƙaramin ofishin gwamnatin jiharmu, ɗaki biyu da baranda a saman bene. Aikinmu auna biranen jihar. Kowane birni da majalisarsa, da ma'ajinsa, da asusunsa. Mu kuma sai mu jera su kafaɗa da kafaɗa, mu ga wa ya tara, wa ya kashe, a kan me ya kashe, wa bashi ya yi wa katutu. A ƙarshe mu shafa wa kowa launi a taswira. Kore, lafiya lau. Rawaya, a yi hattara. Ja, ciwo ya kama. Birnin da ya yi ja shekara biyu a jere, sai a rushe majalisarsa, a sauke ma'ajinsa, a turo kantoma daga sama. Kuma ba a taɓa turo kantoman da bai fara da sallamar ƙananan ma'aikata ba.

Abubuwan da muke dubawa da yawa, amma wanda ya fi nauyi shi ne abin da ya kwana a asusun birni ranar rufe shekara. Kamar hoto ne. Yadda aka same ka a ranar, haka za ka zauna a bango har shekara ta zagayo.

Babana shi ne ma'ajin garinmu. Bara garinmu ja ya samu. Ba ni ke duba takardun garinmu ba, Madam shugabar ofis ba ta yarda da haka, amma ni ce mai haɗa taswira. Da yatsana na danna launin. Da na dawo gida ranar, na tarar da shi a baranda yana goge takalminsa, abin da yake yi kowace yamma tun ina rarrafe. Ya ɗago ya ce, "Uwata, kin yi aikinki daidai?"

Na ce na yi.

Ya ce, "To madalla." Ya ci gaba da gogewa.

Shi kuwa mutumin da kuke ta goyon baya, ma'ajin birnin ƙetaren gada ne. Tun da ya hau kujerar, birninsu bai taɓa sauka daga kore ba. A wurin ba da lambar yabo muka haɗu. Ni na miƙa masa allon yabon, ya karɓa ya ce a hankali, "Wai ke ce alƙaliyar? Na ɗauka wata tsohuwa ce mai tabarau." Tun daga nan Alƙaliya yake kirana. Gwaggo, yayar Baba da ke zaune da mu tun rasuwar mijinta, ita ta laƙaba masa Mai Kore, sunan ya bi shi har Umma ta daina tuna na gaskiyar.

Ba zan yi muku ƙarya ba, ina sonsa. Mutum ne da in kana magana yake kifa wayarsa a kan cinya. Ya san ranar da kaina ke ciwo daga yadda nake amsa sallama. Wannan ku riƙe shi, don nan gaba za ku so ku tsane shi, ni kuwa ban ba ku izini ba.

Ranar Asabar da yamma ya zo, ana dab da rufe shekara. Na sa doguwar rigata ruwan ƙasa mai aikin zare a wuya, da siririn mayafin da yake cewa yana mai da ni malamar makaranta. Umma ta riga ta rufe hannun kujerar da ya yage da farin ƙyalle, ta kunna fankar nan tamu mai kukan tsohon keke. Ya shigo da ledar lemo da ayaba, cikin riga ruwan toka mai guga kamar ba a zauna da ita a mota ba. Ya gaida Umma har ƙasa, ya tsokani Gwaggo, sannan aka bar mu.

"Alƙaliya, ina da magana, amma ki ajiye rigar ofis a ƙofa."

"Ai ka gan ni, ba ta jikina."

"Tana jikinki. Ke ko kasuwa da ita kike zuwa."

Na yi dariya. Shi bai yi ba.

"Baba zai sake yin ja bana."

Ba sabon labari ya ba ni ba. Na ce, "Ba a rufe shekara ba tukuna."

"Ni ma'aji ne, na san yadda yake aiki. Ana gobe rufewa sai ya share asusu tas. Albashi, kuɗin 'yan shara, mai kawo man injin ruwa, mai gyaran fitilun titi, kowa ya ba shi haƙƙinsa. Washegari ku zo ku ɗauki hoton asusu wayam, ku ce birni ba shi da lafiya."

"To kai yaya kake yi?"

Ya juya kofin shayinsa a kan faranti. "Ni nakan ce kowa ya yi haƙuri. 'Yan kwanaki ne. Ku ɗauki hotonku, in buɗe taga in biya kowa. Ban ci na kowa ba. Ban ƙara sifili ko ɗaya a takarda ba."

Jama'a, shekarata nawa ina shafa masa kore, ban taɓa tambayar kaina daga ina koren yake fitowa ba. Na zauna ina kallon agogon bangon da majalisa ta ba Baba, ina jin kamar an ɗaga murfin tukunyar da na daɗe ina yabon ƙamshinta.

"Ki yi masa magana," in ji shi. "Ni ba zan iya ba, ina neman 'yarsa, ba zan zo in koya masa aiki ba. Sau ɗaya kawai ya riƙe. In ba haka ba, saura kaɗan ya yi ritaya za a sauke shi kamar wanda ya yi sata. Kuma mutanen da yake tausayi su kantoma zai fara kora."

Motarsa ba ta gama fita daga layi ba labule ya ɗaga. Ashe Gwaggo tana bayansa tun ɗazu, wai tsintsiya take nema.

"Kin dai ji da kunnenki," ta ce. "Yaron nan Allah ne ya turo mana shi. Ubanki tun yana ƙarami haka yake, in aka aike shi sayen gishiri sai ya dawo da canjin da mai kanti ya yi kuskure, a bar mu da miya lami yana can yana neman mutum."

Umma ta zauna a inda ya tashi. Ita ba ta ɗaga murya, wannan ne ya sa maganarta ta fi zafi. "Ke kaɗai yake ji. Ni na yi shekaru ina magana, sai ya ce in bar masa ofis a ofis. Ki duba min, in aka sauke shi da wannan sunan, da wane ido zai karɓi dangin yaron nan in sun zo?"

"Umma, aikina ya hana ni..."

"Aikinki!" Gwaggo ta tafa hannu. "Aikin da kika shafa wa ubanki ja a gaban duniya? Wa ya biya miki makarantar da kika koyi shafe-shafen?"

Na shige ɗaki. Waya ta yi ƙara, saƙon Mai Kore ne.

*Na isa. Na san na ɗora miki nauyi. Ki yafe min.*

Na rubuta, *Me ya sa ba ka taɓa gaya min ba?*

*Don ina son ki ci gaba da kallona yadda kike kallona.*

Na daɗe ina duban wannan layin.

Washegari da safe na sami Baba a baranda da rediyonsa da kofin shayi. Yana sanye da tsohuwar rigarsa ta gida mai aljihu ɗaya, tabaransa da aka ɗaure ƙafarsa da zare yana kan hanci. Na durƙusa na gaishe shi, ban tashi ba.

"Uwata, wannan durƙuson da kaya a bayansa. Sauke."

Na sauke. Na gaya masa komai, ban ambaci wanda ya faɗa min ba. Ya saurara har ƙarshe, ya rage muryar rediyo.

"Na san ana yi," ya ce. "Ai ba jiya aka haife ni a aikin nan ba."

"To Baba, 'yan kwanaki ne."

"Kwanakin wa?"

Ya ajiye kofin shayi, ya ci gaba.

"Mai shara ya gaya wa mai gidan haya ranar da zai biya shi. Ya gaya wa mai kanti, ya gaya wa mai magani. Ranar nan ya riga ya rabar da ita tun kafin ta zo. Kuɗin ba nawa ba ne, Uwata. Ranar ma ba tawa ba ce, balle in ara wa ofishinku ita a ɗauki hoto."

"In kantoma ya zo, rabinsu zai kora. Ba kwanaki za su rasa ba, aikin ne gaba ɗaya."

"Wanda ya kore su shi zai amsa tambayarsa. Ni tawa zan amsa."

A nan ne na faɗi maganar da har yau take min yawo a ka. Ban shirya ta ba, wallahi. Fitowa kawai ta yi.

"Baba, so kake hannunka ya fita tsaf, ko so kake su ci abinci?"

Bai yi faɗa ba. Da ya yi, da na samu sauƙi. Ya cire tabarau, ya goge shi da bakin riga, ya daɗe yana gogewa kamar akwai wani datti da ya ƙi fita. Sannan ya ce, "Tashi ki je, shayinki zai huce."

Daga ranar magana ta ɗauke tsakaninmu. Ba gaba ba ce, gaisuwa tana nan. Amma yana fita kafin in gama shiri, in ya dawo ya shige ɗaki da rediyonsa. Gwaggo tana bina da harara, wai na ɓata lamari da rashin iya baki.

Ranar Talata Madam ta raba mu zagayen gani da ido, kamar yadda muke yi kafin rufewa. Abokiyar aikina da aka ba ƙetaren gada ɗanta ba lafiya, sai aka ce in je. Na sa baƙin siket da farar riga, na rataya katin aiki a wuya, na hau motar haya.

Ginin majalisarsu ya sha sabon fenti. Amma abin da ya tsayar da ni a bakin ƙofa yake. Ƙarƙashin wata babbar bishiya an kafa tebura, kowane da mutum a zaune da jaka a cinya, ga layin mutane a gabansu: masu rigar shara, masu gadi, mata masu wankin asibiti. Na ga wani ya miƙa katin bankinsa, mai tebur ya ƙirga masa kuɗi, ya cusa katin cikin wani dami da aka ɗaure da roba. Damin ya kai kaurin bulo.

Na tura katin aikina cikin mayafi, na matsa kusa da wata dattijuwa da ke ƙarshen layi, tsintsiyarta a hammata.

"Sannu Inna. Me ake rabawa?"

Ta dube ni sama da ƙasa. "Rabawa? 'Yar nan, ke baƙuwa ce. Rance ne. Su ba ka yau, ranar biya su cire nasu da kasonsu, sannan su ba ka katinka."

"Ba a biya ku ba ne?"

"Mu masu karɓa mako-mako tun farkon wata aka rufe mana taga. Ai mun san lokacin. In kika ga waɗannan sun kafa tebur, to masu launi sun kusa zuwa."

"Su wa?"

"Wasu ne a sama, ba mu taɓa ganinsu ba. Wai su ke cewa gari na da lafiya ko ba shi da ita." Ta yi 'yar dariya. "Mu dai kullum lafiyarmu ƙalau, in ji su."

Katin da ke ƙirjina ya yi min nauyi kamar dutse. Na ce, "Kuma ba ku kai kuka ba?"

"Wurin wa? Ƙanwata a wani gari take shara. Suka yi ja, aka kawo musu kantoma. Yanzu ruwa take sayarwa a tasha, da tsufanta. Ni a yanke min kaso a bar min tsintsiyata." Ta gyara ta a hammata. Sai kuma ta ce, kamar da kanta take magana, "Bara dai abin da mai teburin can ya cire, da shi na so in saya wa jikata takalmin makaranta. Da silifa ta ƙare zangon."

Ku gaya min, ku masu saurin hukunci, wannan matar bayan wa ta goya? Na yi ta juya maganarta, ban gano ba.

Na hau sama. Ofishinsa da sanyin na'ura, allunan yabo a jere a bango, har da wanda na miƙa masa da hannuna. Ya miƙe da murna, da ya ga fuskata ya koma ya zauna.

"Ta ƙofar gaba kika shigo," ya ce.

"Ka ce min 'yan kwanaki ne."

"Ga masu albashin wata, 'yan kwanaki ne. Na mako-mako su nake fara tsayarwa."

"Su ne ba su da ajiyar ko kwana ɗaya."

"Su ne kuma kantoma zai fara kora. Sauka ki tambaye su, tun da na zo wa aka sallama? Ko mutum ɗaya." Ya nuna taga. "Kina tsammani ba na ganin teburan nan? Labulen nan saboda su na sa shi. Na kore su sau biyu, ma'aikatan da kansu suka zo suka roƙe ni in bar su."

"Amma ka karɓi lambar yabo."

"Na karɓa." Ya sunkuyar da kai, sannan ya ɗago. "Ku kuka kafa ma'aunin, Alƙaliya. Ni tsayuwa kawai na koya a kansa."

Na juya zan fita. Ya ce ya kai ni gida, na ce akwai mota.

A hanya, muna kan gada, tunanin ya zo min. In ma'aunin ne ya karkace, me zai hana a miƙe shi? Na koma ofis, na zauna a teburina har kowa ya tashi, na rubuta wa Madam rahoton abin da na gani. Na ba da shawara cewa bana kada mu tsaya ga abin da ke asusu, mu tambayi banki ko an biya ma'aikata kafin rufewa. Wanda ya biya kowa, kada a hukunta shi don asusunsa ya bushe. Wanda ya riƙe haƙƙin mutane don ya yi kyau a hoto, a kira abin da sunansa.

Na san wa wannan takarda za ta kayar. Kada ku ce ban sani ba. Ina bugawa wayata tana haske a gefe: *Kin isa lafiya? Kin ci abinci?* Na kifa ta, yadda yake kifa tasa in ina magana. Na auna mutum biyu da nake so, na zaɓi Babana. Na ce a raina, shi matashi ne, jansa na farko ne, zai miƙe. Baba kuwa zai yi abin da ya saba, ya share asusu, kuma a karon farko gaskiyarsa ta yi masa rana.

Ban gaya wa kowa ba. Shi Mai Kore tsoro ne ya hana ni. Baba kuwa, akwai rantsuwar aiki cewa ba a fitar da maganar ofis kafin a sa hannu, amma in zan faɗa muku gaskiya ba ita kaɗai ba ce. So nake in zo masa da abin a kammale, in durƙusa in ce, Baba ga gyaran maganar da na faɗa maka. So nake in burge shi. Sau biyu ina tsayawa a ƙofar ɗakinsa ina jin rediyo, in juya.

Aka rufe shekara ranar Alhamis. Juma'a da hantsi bayanan banki suka iso, Madam ta leƙo ta ce in zo.

"Rufe ƙofa."

Na rufe.

"An amince da rahotonki daga sama. Dama doka ta ce albashi ba ya ƙetare watansa, mu ne ba mu taɓa dubawa ba. Duk birnin da ya riƙe, ja ne kai tsaye, ma'ajinsa kuma zai tsaya gaban kwamiti." Ta cire tabarau. "Na san wa wannan zai taɓa a wurinki. Ba kowa zai iya ba."

Na ce, "Na gode, Madam." Idona ya ciko, amma a ƙasan zuciyata akwai wani sanyi. Na ce a raina ko ba komai, Baba ya tsira.

"Zauna," ta ce.

"Ba komai, a tsaye ma..."

"Na ce ki zauna."

Ta juyo min da fuskar kwamfutarta. Sunan garinmu ne a sama. Na duba ƙasa inda na saba ganin asusu a bushe. A cike yake. Albashin wata ɗungum yana kwance a ciki, ba a taɓa shi ba.

Na ce, "Kuskure ne. Babana ba ya..."

"Na kira bankin da kaina. Ya aika musu a dakatar, sai an shiga sabuwar shekara." Ta yi ajiyar zuciya. "Na lissafa, don in sani. Da ya yi yadda ya saba, da sabon ma'aunin nan garinku ne kan gaba a jihar."

Ban san lokacin da na riƙe bakin teburinta ba. "Madam, a janye rahoton. Ni na rubuta, ni na ce a janye. A bari sai baɗi."

"Abin da kika rubuta ƙarya ne?"

"A'a."

"Matar nan mai tsintsiya, ƙirƙirarta kika yi?"

Na girgiza kai.

"To me zan ce musu a sama? In ce gaskiya ce ranar Talata, yau kuma ta daina?" Ta sassauta murya. "Taswira za ta fita Litinin. In ba za ki iya haɗawa ba, in ba wani. Launin dai ba zai canza ba. Je ki gida."

Ban bi hanyar da na saba ba. Na ce mai mota ya sauke ni a titin majalisarmu, ban san me nake nema ba. Ginin yana nan da tsohon fentinsa da ya ɓare. A bakin ƙofa, inda mai sayar da jarida yake zama, an kafa tebur. Ɗaya ne tak, sabo, bai ma tara katunan da roba za ta ɗaure ba. A layin na hango tsohon mai gadin da yake ɗaga ni sama in na kai wa Baba abinci ina yarinya. Yana riƙe da katinsa da hannu biyu, yana juya shi, kamar bai san ta wane gefe ake miƙawa ba.

A garinmu ba a taɓa kafa wannan teburin ba. Ni na kawo shi.

Na shiga gida da la'asar. Ƙamshin girki ya cika tsakar gida, Umma ta sa rigarta mai furanni da take ajiyewa don baƙi. Gwaggo ta tare ni tun daga ƙofa, fuskarta kamar an ba ta kyautar gida.

"Ga 'yar albarka! Ashe kin iya baki, muka yi ta zaginki a banza. Ya riƙe! Ubanki ya riƙe! Yanzu sai ki kira yaron nan ki ce ya turo manyansa, mu ma mun zama kore."

Wayata ta yi ƙara a jaka, Mai Kore ne. Na duba.

*An ce daga ofishinku takardar ta fito. An ce wanda ya zo zagaye ranar Talata ne ya rubuta.*

Wani ya biyo baya.

*Ki ce min ba ke ba ce. Ko ƙarya ce zan yarda.*

Sai na uku. *Ina bakin layinku.*

Baba yana baranda a kujerarsa. Bai cire kayan ofis ba. Takalminsa yana ƙafarsa, ya yi ƙura, ga burushi da gwangwanin mai a gefe ba a buɗe ba. Rediyo a kashe. Cikin kwana biyu ya tsufa, ko kuwa ni ce ban duba shi da kyau ba.

Na durƙusa.

"Uwata," ya ce, "na yi ta tunanin tambayarki. Na nemi amsar da zan ba ki, ban samu ba. Shekara da shekaru ina ganin tsoron Allah nake yi, ban taɓa tambayar kaina ko sunana nake tsarewa ba. Sai da 'yar cikina ta tambaye ni."

"Baba..."

"Bari in gama. Ban ce daɗi na ji ba. Jiya da yau ta ƙofar baya na fita, kamar ɓarawo. Mai gadi ya gaishe ni, na kasa duban idonsa." Ya dubi takalminsa. "Amma in za su tsira da aikinsu, kunyata ba komai ba ce. Litinin da sassafe zan biya su, in bi su ɗaya bayan ɗaya in ba su haƙuri."

A waje na ji tsayuwar mota, na ji an kashe inji. Gwaggo ta leƙa ta taga ta rangaɗa guɗa. "Ga shi ma ya zo da ƙafarsa! Umman yara, ƙaro faranti!"

Baba ya miƙo hannu ya dafa kaina, abin da bai yi ba tun ranar da na faɗa masa maganar nan. Ya yi murmushi, irin na yaron da ya yi aikin da aka sa shi yana jiran a ce ya kyauta.

"Na san ba a fitar da maganar ofis," ya ce. "Amma ni da ke ne. Gaya min a kunne, Uwata. Bana wane launi kika ba mu?"

Aka ƙwanƙwasa ƙofa.